Faifan da na zaro daga rediyon wata Golf: Rory Gallagher, Irish Tour '74

Sana'ata rewaya. Shekara 22 ke nan ina gyaran wayar mota a Gusau, a wani gareji da ke bakin hanyar Sakkwato, kuma rabin aikin da ke zuwa hannuna yanzu na rediyo ne da sifika. Faifan da zan yi magana a kansa ba a kanti na saye shi ba. Daga cikin rediyon motar wani na zaro shi, kuma tun ranar bai bar akwatin kayan aikina ba. Sunansa Irish Tour '74, na wani makaɗin jita ɗan ƙasar Ailan mai suna Rory Gallagher. Na tambayi masu ji da kansu a kan kiɗan Turawa, irin waɗanda za su jero maka Bob Marley da Jimi Hendrix da Michael Jackson ba su numfasa ba, amma ko mutum ɗaya ban samu da ya taɓa jin sunansa ba. Abin ya tsaya mini a rai.

Cikin Satumbar 2021 ne, kwanakin da aka katse layukan waya a Zamfara baki ɗaya. Wanda ya zauna Gusau a lokacin ya san yadda garin ya koma. Ba kira, ba saƙo, masu POS sun naɗe lema, an rufe kasuwannin mako-mako, an hana sayar da mai a jarka, babura ba sa yawo da dare. Mai son jin muryar ɗansa da ke Kano, ko mai jiran a turo masa kuɗi, sai ya hau mota har Funtuwa. Mu kuwa aiki ya tsaya cak, domin wanda ba ya tafiya ba ya kawo mota gyara. Sai mu wuni a rumfa ni da yarana biyu muna kallon titi.

Ana cikin haka wani Alhaji ya shigo da Golf ɗinsa 'yar Beljiyam da bai daɗe da saye ba. Ya ce tun da ya karɓi motar akwai faifai a cikin rediyon, ya ƙi fita ya ƙi yin magana, shi kuma yana so ya riƙa sa karatun Alƙur'ani in ya hau hanya. Na kwance rediyon na buɗe. Wata 'yar roba ce da ke juya abin turo faifan ta saki, ƙura kuma ta rufe idon da ke karantawa. Na canza robar, na goge idon da auduga, faifan ya fito. Ba kwali, ba takarda, sai suna da lamba 74, da wani ƙarce guda a bayansa. Na miƙa masa, ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Riƙe abinka, Malam. Mi za ni yi da kiɗin Turawa?"

Ba na sallamar aiki sai na gwada, shi ya sa na mayar da faifan ciki kafin in ɗaure rediyon. Da farko hayaniyar mutane ce, irin ta filin dambe kafin a shigo. Wani ya ambaci suna, jama'a suka ɗauki ihu, aka ɗan taɓa tsirkiya sau biyu ana daidaita ta. Sai jitar ta faɗo. Ƙaramin yarona da ke riƙe da sukuddireba sai da ya ja da baya. Ba ƙarar ba ce ta kama ni, ƙara kam kullum cikinta nake. Sauti ne mai ƙaiƙayi, mai gautsi, kamar ana yaga sabon yadi, amma kowane bugu yana fita daban, ba ya cakuɗewa da ɗan'uwansa. Ganga ta shigo, bas ya biyo ta, mutumin ya buɗe baki da wata murya ta wanda ya wuni yana kira a tasha. Waƙar farko ke nan, "Cradle Rock". Alhaji ya tsaya minti guda yana jira in kashe, na kashe, ya biya ni ya tafi. Da yamma na ɗauko wani tsohon rediyon mota da ke ajiye, na haɗa shi da batir da sifika biyu da na cire daga wata Sharon da ta yi hatsari, na tafi da su gida.

Kusan wata guda na yi ina sauraron mutumin nan ban san ko shi waye ba. Ba intanet balle in duba. Ban san fari ne ko baƙi ba, ban san yana raye ko ya mutu ba, Turancinsa ma ɗaiɗaiku nake tsinta. Yau ina ganin wannan ya taimake ni, domin ba wanda ya gaya mini abin da ya kamata in ji. Kunnena ne kawai da faifan, bayan sallar isha'i, a tsakar gida, garin ya yi tsit ba ko kukan babur.

A lokacin Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana zaune a gidana da iyalinsa. Daga wani ƙauye a yankin Maru suka taso cikin dare, bayan 'yan bindiga sun shiga garin da ke kusa da su. Kawu makaɗin gurmi ne tun yana saurayi. Ba wanda ake sa wa a rediyo ba ne, amma a yankinsu in kaka ta yi aka share fili don kokawa, ba a farawa sai ya iso. Daren da suka gudu, yara ya ɗauka da buhun gero rabi. Gurmin yana rataye a bangon ɗaki. Da aka koma duba gidan bayan wata biyu, ɗakin toka ne. Tun zuwansa Gusau bai ƙara maganar kiɗa ba, in ma an kunna rediyo ana waƙa sai ya tashi ya koma zaure. Haka ya riƙa yi da wannan faifan darare uku na farko, kuma ban ga laifinsa ba.

A dare na huɗu yana alwala a bakin rariya lokacin da waƙa ta biyar ta shigo, "As the Crow Flies". A wannan waƙar sauran makaɗan duk sun ja gefe, Rory ne shi kaɗai da wata jita wadda ba ta lantarki ba. Sautinta ƙarfe-ƙarfe ne, kamar ana kaɗa tsirkiya a kan tasa. Kawu ya tsaya da buta a hannu. Da waƙar ta ƙare ya zo ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Ɗana, mai da wanga baya."

Na mayar. Ya sunkuyar da kai, yatsunsa biyu na dama suna motsi a kan gwiwarsa.

"Mutum guda na, ko su biyu?"

"Ina jin shi ɗai na, Kawu."

"Babban yatsa shina riƙe da gindin kiɗin, sauran suna magana bisa. Kuma ba da hwarce ɗai shika kiɗin ga ba. Akwai abin da yas sanya ga yatsa nai, ji yadda shika zamewa."

Sau huɗu muka saurare ta a daren. A na ƙarshe ya ce, "Wanga ya sha wuya kahin hannu nai ya hwaɗa hakanga." Daga nan ya tashi ya shiga ɗaki. Bayan makonni, da na ga hoton wasan da idona, sai ga ɗan bututu sanye a yatsan mutumin, yana zamar da shi a kan tsirkiya maimakon ya danne ta. Abin da Kawu ya faɗa ke nan tun bai gani ba. Jitar kuwa ƙirar kamfanin National ce ta farkon shekarun 1930, jikinta ƙarfe, a cikinta akwai wani faranti mai siffar mazurari da ke aiki kamar takardar sifika. An ƙirƙiro irinta ne tun kafin amfilifaya ta yaɗu, don a ji mai jita a cikin taro. Ni da nake liƙa takardar sifika kullum, wannan ya burge ni ƙwarai.

Farkon Oktoba aka maido da layi a cikin Gusau. Na kira ƙanwata da ke Zariya, na kira masu riƙe da kuɗina, sannan na ba babban yarona faifan na ce ya rubuta sunan nan a wayarsa. A nan na san cewa an haifi Rory Gallagher ranar 2 ga Maris 1948 a wani ƙaramin gari, Ballyshannon, ya tashi a birnin Cork, ya rasu a Landan ranar 14 ga Yuni 1995 yana da shekara 47, bayan an yi masa dashen hanta. Lokacin da aka ɗauki wannan faifan shekararsa 25 kacal. Ni a kunnena dattijo nake ji. An ɗauke shi ne a zagayen da ya yi na ƙasarsu daga ƙarshen Disambar 1973 zuwa farkon Janairun 1974, a ɗakin taro na Ulster Hall da ke Belfast, babban birnin Arewacin Ailan, da silimar Carlton ta Dublin, da babban ɗakin taro na birnin Cork. Ya fito a 1974 a kan faifan garmaho guda biyu, kuma wani mai shirya fim, Tony Palmer, ya bi su da kyamara ya yi fim mai wannan sunan.

Abin da ya sa na ajiye wayar na yi shiru shi ne labarin Belfast. A waɗancan shekarun Arewacin Ailan yana cikin rikici tsakanin masu son a ci gaba da zama ƙarƙashin Birtaniya, galibinsu 'yan Furotesta, da masu son a haɗe da sauran Ailan, galibinsu 'yan Katolika. Rikicin ya ɗauki kusan shekara 30 kafin yarjejeniyar 1998, ya ci rayuka sama da 3,500, kuma 1972 ce shekarar da ta fi muni. Bam a kanti, bam a mashaya, sojoji a kan titi, shinge a unguwanni. Manyan makaɗa suka daina zuwa Belfast, kowa yana tsoron ransa. Rory bai daina ba. Ranar 1 ga Janairun 1972 ma ya yi wasa a Ulster Hall, bayan daren da bama-bamai suka tashi a garin. Ya taɓa zama a can yana matashi da ƙungiyarsa ta lokacin, Taste, kuma biyu daga cikin abokan kiɗansa, Gerry McAvoy mai bas da Lou Martin mai fiyano, 'yan Belfast ne. Samarin ɓangarorin biyu, waɗanda a waje ba sa bin layi ɗaya, sukan cika ɗaki guda don su gan shi.

Ba sai an fassara wa Bazamfare wannan ba. Mun san ranar da direbobin Kano suka fara cewa ba sa wuce Tsafe bayan la'asar. Mun san biki da aka ɗaura aure ba dangin nesa, kowa ya aiko da uzuri, kuma ba ka iya jin haushinsa domin kai ma da kai ne haka za ka yi. Makaɗan da a da suke bin ƙauyuka bayan girbi sun daina, kalankuwa ta mutu a wurare da yawa, fagen kokawa ya zama ciyawa. Ƙasar da ta haifi Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru ta wayi gari yaro ɗan shekara goma a wasu ƙauyukan bai taɓa tsayawa gaban makaɗi ba. Ba yunwa kaɗai ke cin mutum a irin wannan hali ba, akwai jin cewa duniya ta juya maka baya. Saboda haka da na koma kan faifan bayan na san labarin, ihun jama'ar ya canza mini. Na daina jinsa a matsayin hayaniyar da ke tsakanin waƙa da waƙa. A bugun da aka sake fitarwa a 2014, na cika shekara 40, an sa wasan Belfast ɗin gaba ɗaya. Na neme shi a intanet na saurara, kuma tafin da ke ciki na mutanen da aka zo wa ne lokacin da ba mai zuwa.

Waƙar da ta fi zama mini a zuciya ita ce ta shida, "A Million Miles Away", kusan minti 10. Yarona ya bayyana mini ma'anarta: mutum ne zaune a cikin jama'a, ana hira ana dariya ana kiɗa, shi kuwa hankalinsa ya yi nisan da ba a iya aunawa. Kafin ya gaya mini na riga na ji haka a jitar. A hankali take farawa, ɗigo-ɗigo, kamar farkon yayyafi a kan kwano. Akwai inda sautin ke tasowa ba ka ji bugun farce ba, sai ka ji shi ya kumbura daga babu, ya yi tsawo kamar kukan goge, ya koma. Na daɗe ina tunanin wata na'ura ce. Ashe da ƙaramin yatsansa yake murɗa maɓallin ƙara da rage murya da ke jikin jitar: ya rufe shi, ya bugi tsirkiya, sannan ya buɗe a hankali. Wannan maɓallin ni na san shi ciki da waje, irinsa ne a tsofaffin rediyoyi, ina fesa masa mai ina canza shi kullum, abu ne na 'yan kuɗi kaɗan. Ban taɓa zaton ana iya sa shi kuka ba. Can tsakiyar waƙar kowa yana sassautawa, bas ya rage bugu, ganga ta koma kamar bugun zuciya, ɗakin da ke cike da samari ya yi shiru. Wanda ya iya sa taro ihu yana da yawa. Wanda zai sa su yi shiru suna jiransa, shi ne makaɗi.

Daga nan sai "Walk on Hot Coals", kusan minti 11, wadda ita ce fagen da ya baje kolinsa. Yana fitar da wasu 'yan sautuka sirara masu ƙyalli, kamar ana taɓa bakin kofin gilashi, sai ya shaƙe tsirkiyar da tafin hannu ta koma ƙwas-ƙwas kamar kuntigin Ɗanmaraya, sai kuma ya sake ta gaba ɗaya. Abin da na lura da shi, bayan saurare ba adadi, shi ne ba ya gudu don a ce ya iya gudu. In ya faɗi magana da jita yakan tsaya ya ba ta wuri, kamar mai waƙa da ke jiran 'yan amshi. Su kuma 'yan amshin nasa ba na wasa ba ne. Rod de'Ath mai ganga yana da wani irin bugu mai gangarowa kamar an sako duwatsu daga kan Kwatarkwashi, McAvoy kuma yana dafe da gindin kiɗin ba ya gezau. A "Who's That Coming?" suna farawa da tafiyar raƙumi, su ƙare da sukuwar doki, kuma ba ka iya nuna daidai inda saurin ya ƙaru. Da suka tsaya, jama'a suka ɗauki waƙa da kansu suna kiran sunansa ya dawo. Duk lokacin da na zo wurin nan tsigar jikina sai ta tashi.

Wanda ya saba da jitar Buzaye, irin ta Bombino da muke ji daga Agadas, ba zai ji baƙunci sosai ba. Tushen kiɗan Rory shi ne buluz, kiɗan baƙaƙen Amurka jikokin bayin da aka kwasa daga wannan yanki namu na Afirka. Waƙa ta biyu, "I Wonder Who", ta Muddy Waters ce, ɗaya daga cikin iyayen wannan kiɗan, kuma Rory ya yi kiɗa tare da shi a faifan da dattijon ya ɗauka a Landan, wanda ya fito a 1972. In ka ji yadda yake jan sauti ɗaya ya lanƙwasa shi har ya kusa karyewa, za ka tuna kukuma.

Faifan yana da aibunsa, kuma ba zan ɓoye ba. Waƙa ta huɗu, "Too Much Alcohol", maganar giya ce tun daga sunanta, ni kuma ba na sa ta a gidana, tsallake ta nake yi. Jitar da ke ciki ba laifi, amma da na san ciwon da ya yi ajalin mutumin sai ta ƙara yi mini nauyi. Na biyu, fiyanon lantarkin Lou Martin yana da wani sauti siriri mai tsini, in sifikarka mai kaifi ce zai soke maka kunne, dole ka rage tirebul. Hannunsa yana da kyau, kayan ne ba su kai hannun ba. Na uku, ƙarshen faifan ya yi sanyi. Bayan "Who's That Coming?" an ƙara abin da suka kaɗa su kaɗai ba jama'a, kuma bayan wancan zafin sai ka ji kamar an ba ka ruwan ɗumi. Muryarsa ma ba ta masu son zaƙi ba ce, wani lokaci ihu ya fi waƙa yawa. Kuma duka-duka kusan minti 80 ne, waƙoƙin dogaye, ba abin da za ka sa kana sauri ba. Uwargidana har yau in ta ji "Cradle Rock" cewa take in rage, kuma tana da gaskiya, ba kiɗan tsakar gida da rana ba ne.

Ta fannin ɗauka kuwa, a matsayina na mai aikin sauti, na ba shi lamba mai kyau. Ba a yi masa kwalliya ba. Kana jin faɗin ɗakin, kana jin amfilifaya tana huci in an yi shiru, kana jin inda yatsa ya goga a kan tsirkiya. Shi ya sa ya zama ma'aunina a gareji. In na ɗaura wa mota sababbin sifiku, minti ɗaya na farkon "Cradle Rock" ya isa ya tona asirin tuwita ta jabu, wato 'yar ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, nan take za ka ji tana tsatsa kamar ana soya ƙwai. Tsakiyar "A Million Miles Away" kuma da ita nake gane ko ƙofa tana karkarwa, domin bas ɗin a hankali yake, duk wani sukurun da bai ɗauru ba sai ya yi magana. Masu mota da yawa sun tambaye ni wane ne wannan. Biyu sun dawo da filashi na tura musu.

Mai son ya nema, yana nan a YouTube da Spotify, fim ɗin ma ana samun gutsattsarinsa. A wurin masu tura waƙa a kasuwa ban taɓa samunsa ba, sai dai ka rubuta musu sunan su sauko maka da shi, kuma ka ce kada su matse shi don ya yi ƙarami, matsewar tana cinye ganga. Roƙona ɗaya: kada ka saurare shi da sifikar waya. Bas ɗin zai ɓace, fiyanon nan mai tsini ya rage shi kaɗai, ka ce na yaudare ka. Ka sami abin kunne mai kyau, ko ka zauna cikin mota ka rufe gilashi. Ka fara da ta biyar da ta shida, in sun kama ka sai ka koma farko.

Na yi ta tambayar kaina dalilin da ya sa sunansa bai kai inda na wasu ya kai ba, domin a zamaninsa ba ɓoyayye ba ne. A farkon shekarun 1970 masu karanta jaridar kiɗa ta Melody Maker sun zaɓe shi gwarzon mai jita, gaba da Eric Clapton. A farkon 1975, bayan mai jitarsu Mick Taylor ya bar ƙungiyar Rolling Stones, sun gayyace shi ya yi kiɗa da su na 'yan kwanaki, daga nan ya wuce Japan inda ya riga ya yi alkawarin wasa, ya ci gaba da harkarsa. Brian May na ƙungiyar Queen ya sha faɗa cewa a wurin Rory ya samo sirrin sautinsa. Amma shi mutumin ya ƙi fitar da waƙa ɗaiɗai don rediyo, wadda ita ce hanyar yin suna a lokacin. Ba ya ado, rigarsa mai gida-gida ce irin ta leburori da wandon jins, haka yake hawa dandamali. Ƙarfinsa a gaban jama'a yake, dare bayan dare, gari bayan gari, kuma irin wannan suna yana tafiya ne da waɗanda suka halarta. Mu ma muna da irinsu. Kowane yanki a Zamfara akwai makaɗin da tsofaffi za su rantse maka ba a yi kamarsa ba, amma ko kaset ɗaya bai bari ba. Sa'ar da Rory ya yi ita ce an kai na'ura ɗakin a daren da hannunsa ke kan ganiyarsa. Mutanen Belfast kuwa ba su manta ba, a Janairun 2025 sun kafa mutum-mutuminsa a ƙofar Ulster Hall.

Jitar lantarkin da aka fi ji a faifan nan Fender Stratocaster ce ƙirar 1961. Ya saye ta ta hannu a wani kanti a Cork a 1963, yana ɗan shekara 15, a kan fam 100, ana biya kaɗan-kaɗan. Ita ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa. In ka ga hotonta za ka ɗauka daga bola aka tsinto ta, gumi da guga sun cinye fentin sai 'yan tsirarun wurare, itacen ya fito fili ya yi duhu kamar ƙotar tsohuwar fartanya. Na nuna wa Kawu hoton a waya, ya daɗe yana kallo, ya sa yatsa a daidai inda hannu ya fi cinyewa, ya ce gurminsa ma haka wuyansa ya yi santsi.

A Oktoban 2024 aka yi gwanjonta a Landan, aka saye ta sama da fam 800,000, da niyyar a miƙa ta gidan tarihin ƙasar Ailan. Kawu yana nan wurina har yanzu, ƙauyen bai zaunu ba, yana taimaka wa wani mai sayar da hatsi a Tudun Wada. Da daddare na ba shi labarin, na yi masa lissafin kuɗin da naira. Lissafin bai dame shi ba.

"To, wa za ya kaɗa ta can?"

"Ba kowa, Kawu. Aje ta za a yi, mutane su zo kallo."

Ya yi shiru yana murza carbi. Can ya gyara zama a kan tabarma, ya nuna rediyon da haɓa.

"Sa muna ta biyar."